Kin Yi Wa Firji Fenti, Wani Wuri Na Sheƙi Wani Ya Dushe? Ga Yadda Ake Gyarawa

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, ko biki ya taso, ko za a tare a sabon gida, ido kan kai kan tsohon firjin nan da ke kusurwar kicin. Injinsa lafiya lau, yana ƙanƙara kamar ranar da aka saye shi, amma jikinsa ya koɗe, ƙasan ƙofar ya fara tsatsa, yara sun manna masa sitika sun ɓamɓare. Sabo kuwa kin san yadda kuɗinsa ya koma. Sai a aika kasuwa a sayo gwangwanin fenti na fesawa biyu ko uku, ke ko maigida ko babban yaronki a fesa. Da daddare sai ki ga aiki ya yi kyau. Gari na wayewa hasken taga ya bugi ƙofar, sai ga ta dabbare-dabbare: tsakiya na ƙyalli kamar faranti, gefe ya dushe kamar an barbaɗa gari, wani wurin ma layi-layi ne daga sama har ƙasa.

Abin da zuciya ke fara rayawa shi ne a ɗauko ragowar fentin a ƙara wa wurin da ya dushe. Don Allah ki dakata. Wannan ƙarin shi ke mayar da aikin da za a gyara da sanfefa ɗaya ya koma aikin kankare ƙofa gaba ɗaya. Yawancin irin wannan matsala tana gyaruwa a gida da kuɗi kaɗan, amma sai kin gano abin da ya jawo ta, sannan kin bar fentin ya yi ƙwari kafin ki taɓa shi.

Sheƙi daga santsi yake

Sheƙin fenti ba wani sinadari ba ne da ke zaune a wani wuri ya ƙi zuwa wani. Ki tuna ruwa a cikin baho. Idan ya kwanta kina ganin fuskarki a ciki, da iska ta kaɗa shi sai hoton ya watse, alhali ruwan bai canza ba. Haka fenti yake. Inda ya sauka da jiƙonsa ya kwanta sumul, haske na dawowa idonki kai tsaye, sai ki ga ƙyalli. Inda ya bushe da ƙananan tudu da kwari, ko da ido ba ya ganinsu, hasken na warwatsewa, sai wurin ya dushe. Fenti ɗaya ne, daga gwangwani ɗaya.

Ki kuma cire wa ranki cewa zai dawo daidai da na kamfani. Ƙarfen firji tun a masana'anta ake gasa masa fentinsa cikin zafi mai kaiwa kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa yake da tauri haka. Fentin gwangwani iska ce ke busar da shi. Abin da ake nema shi ne sheƙi bai ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, kuma wannan kam ana samu.

Ki fara da fitilar wayarki

Kafin ki sayi komai, ki jira dare ko ki rufe labule. Ki kunna fitilar wayarki ki kwantar da ita a gefen ƙofar, yadda hasken zai bi jikin ƙarfen a kwance. Duk wani ƙurji, ko ƙura da ta maƙale, ko inda fenti ya gangaro ya daskare, zai fito da inuwarsa. Daga nan ki sa hannunki cikin farar leda marar kauri, irin ta ƙulla gishiri, ki shafa wurin a hankali. Ledar na sa yatsu su ji kaushin da fata kaɗai ba ta ji.

Gwaji na uku shi ya fi faɗa miki gaskiya. Ki jiƙa tsumma mai tsabta ki shafa a wurin da ya dushe. Idan ruwa na hawa ya yi ƙyalli daidai da sauran, ya bushe ya koma gidan jiya, to matsalar a saman fentin take kawai, gogewa za ta iya maganinta. Idan kuwa ko da ruwa wurin na nan da hazo, ko launin ya bambanta, ko kina hango tsohon fenti ta ƙasa, to abin ya shiga ciki, sai an sake fesawa.

Abin da ya fi jawo shi a garuruwanmu

Na farko shi ne fenti ya bushe tun bai isa jikin ƙarfe ba. Idan aka riƙe gwangwani da nisa, ko ana gudu da hannu don tsoron kada ya gangaro, ɗigon na bushewa a iska ya sauka kamar yashi. A bazara abin ya fi muni. A watan Afrilu zafin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri na haura digiri 40, alhali yawancin gwangwanayen nan an rubuta a jikinsu a yi aiki da su tsakanin digiri 10 zuwa 32. Ga shi kuma mutane kan fitar da firjin tsakar gida cikin rana, wai don ya yi saurin bushewa. Ƙarfen da ya sha rana kuwa, fenti na taɓa shi yake ƙamewa, ba ya samun daƙiƙun da zai kwanta.

Akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Firji da firiza na zamani da yawa ba su da ragar ƙarfen nan ta baya, a cikin bangon gefe aka binne bututun da ke fitar da zafi. Ki taɓa gefen naki yana aiki, za ki ji ɗumi, wani wurin ya fi wani. Idan aka fesa fenti yana kunne, ko bai daɗe da mutuwa ba, inda bututun ya bi zai riga sauran bushewa, sheƙin ya fito layi-layi. Ƙofar kuma takan yi sanyi har ta yi gumi, fenti a kan gumi kuwa ba ya kamawa.

Da damina wata matsalar ce daban. A watannin Yuli da Agusta iska cike take da laima. Sinadarin da ke tashi daga ɗanyen fenti na sanyaya wurin, kamar yadda turare ke sanyaya fata, sai laimar ta taru a kai ta shige ciki. Abin da za ki gani shi ne hazo fari-fari kamar an shafa madara, ya fi fitowa a baƙi da ja da shuɗi. Da hunturu kuma ba sai an faɗa miki ba, ƙurar da ke kwanciya a kan talabijin awa ɗaya bayan kin goge, ita ce ke kwanciya a kan ɗanyen fenti.

Sai maiƙo, wanda shi ne ciwon kicin. Duk kayan da ya shekara kusa da inda ake suya yana da shafin mangyaɗa da manja da hayaƙi wanda ido ba ya gani, musamman saman firji da wajen mariƙi. Fenti na gudun maiƙo, ya bar ƙananan ramuka masu zagaye kamar idon kifi. Feshin goge kujeru da wasu ke fesa wa firji don ya yi ƙyalli ma haka yake yi, domin da yawansu na ɗauke da silikon. Kuma masu goge ƙarfe da kananzir kafin fenti, su ma maiƙo suke shafawa da hannunsu.

Idan kuwa dushewar ta tsaya daidai inda aka kankare tsatsa ko aka cike loɓawa da fila, to wurin ne ya shanye fentin, kamar yadda sabuwar tukunyar ƙasa ke shan ruwa. Sai an fara rufe shi da fentin ƙasa, wanda masu sana'ar ke kira firaima. Kuma ki duba gwangwanayen da kyau. Ya sha faruwa a sayo fari uku, biyu an rubuta Gloss, wato mai sheƙi, ɗaya an rubuta Satin ko Matt, wato marar sheƙi, murfinsu duk iri ɗaya.

Jira yana cikin aikin

Fenti ya bushe a taɓa daban, ya yi ƙwari daban. Samansa na iya bushewa cikin rabin awa, cikinsa na nan da laushi kwanaki. Idan kika fesa sabo a kan wanda ke tsakanin nan, sinadarin sabon zai ratsa ya tayar da na ƙasa, ƙofar ta yamutse kamar fatar tafasasshiyar madara. Daga nan babu sauran dabara sai kankarewa. Shi ya sa kamfanoni ke rubuta lokaci biyu a bayan gwangwani. Da yawa kan ce a ƙara cikin awa 1, in ya wuce a bari sai bayan awa 48. Fentin Rust-Oleum mai suna Appliance Epoxy, wanda aka yi musamman don firji da injin wanki, cewa ya yi a ƙara cikin minti 30, in ba haka ba sai bayan mako guda. Rubutun ƙanana ne, ki ɗauki hotonsa da waya ki buɗa shi ki karanta.

Idan gwangwanin ya ɓata ko ba a rubuta ba, ki ba shi mako guda cur, da damina ki ƙara. Sannan ki danna farcenki a wani lungu da ba a gani. In ya bar shaida, ko kin kai hanci kin ji warin fenti sosai, da saura. Na san in biki saura kwana uku wannan magana ba ta da daɗin ji. Amma ƙofa mai ɗan dushewa babu baƙon da zai tsaya kallonta, wadda ta yamutse kuwa daga bakin ƙofar kicin ake hango ta. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Idan gogewa ta isa

Wannan na wadda ruwa ya dawo wa da sheƙi ne, kuma fentin na da ɗan kauri. Ki aika wajen masu sayar da kayan fentin mota, irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a sayo sanfefa mai aiki da ruwa, lamba 1500 da lamba 2000. Lambar na bayan takardar, kuma gwargwadon girmanta gwargwadon laushin sanfefar. Kada a kawo miki ta kafinta mai lamba 80 ko 120, wannan za ta kai ki ga ƙarfe cikin minti ɗaya. A haɗo da man goge fenti da aka rubuta Rubbing Compound a jikinsa, ƙaramin gwangwani ya isa.

Ki jiƙa sanfefar kamar minti 10 cikin ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke. Ki naɗe ta a jikin soso mai faɗi, domin yatsu kaɗai na barin kwari. Ki goga a miƙe, ba da ƙarfi ba, kina yayyafa ruwa. Bayan ɗan lokaci ki share ki duba. Wurin zai dushe gaba ɗaya, kada gabanki ya faɗi, haka ake so. Abin da kike nema shi ne dushewa bai ɗaya, babu ɗigo-ɗigon ƙyalli a ciki, domin kowane ɗigo rami ne da sanfefa ba ta kai gare shi ba. Ki bi da 2000. Sannan ki lakato man a tsumman auduga mai laushi, tsohuwar singileti ta yi, ki murza wuri kamar faɗin tafin hannu biyu har ƙyalli ya taso, ki share da wani tsumman, ki matsa gaba. Aiki ne na damtse, ƙofa ɗaya na iya cin awa guda ko fiye.

Ki kiyayi kusurwa da baki-baki. Nan fenti ya fi zama siriri, shafa uku ko huɗu sai ki ga tsohon launi ya leƙo. Ki manna musu tef na takarda kafin ki fara. Inda fenti ya gangaro ya daskare kuwa, sai ki fara rage tudun kaɗai da lamba 600 a naɗe a ɗan guntun katako, sannan ki bi da sauran.

Kashi biyu ne wannan hanya ba ta yi musu. Na farko fenti ruwan azurfa ko toka mai walƙiya. A cikinsa akwai ƙananan ɓarɓashin alminiyam, sanfefa na yanka su sai wurin ya yi duhu-duhu, kuma babu man da zai dawo da shi. Na biyu firjin da jikinsa dama gurji-gurji ne daga kamfani, sanfefa kan tudun kawai za ta ci. Waɗannan biyu sai dai a sake fesawa.

Idan sai an sake fesawa

Doka ɗaya ce a nan: fuska guda ake fesawa, daga baki zuwa baki. Idan ƙofar ce ta lalace, ƙofar duka. Idan gefe ne, gefen duka. Faci a tsakiya kullum yana barin zobe mai kaushi kewaye da shi.

Ki kwashe abinci, ki zare filogi tun dare, ki bar ƙofa a buɗe ya huce ya daina gumi. Idan akwai mai iya kwance ƙofar, yawanci 'yan kusoshi ne a maƙalin sama, a cire ta a kwantar a kan benci. Fenti a kwance ya fi kwanciya sumul kuma ba ya gangarowa. Ƙofar kaɗai nake nufi. Shi firjin kada a kwantar da shi, domin man kwamfaresa na gangarawa cikin bututu, in kuma dole ta sa an kwantar, a bar shi tsaye sa'o'i kafin a kunna.

Ki wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke sau biyu, ki ɗauraye. Wanki kafin sanfefa, in ba haka ba maiƙon za ki tura cikin fentin. Sannan ki goga lamba 400 da ruwa har ko'ina ya dushe ya yi sumul a hannu. Inda ƙarfe ko fila ya bayyana, a fesa firaima, ya bushe, a shafe shi da 600. Ki share da ɗanyen tsumma marar gashi, ki bari ya bushe ƙarau, daga nan kada hannu ya sake taɓa wurin. Ki rufe robar ƙofa da mariƙi da tef da tsohuwar jarida. Ki rufe takardar bayanin nan da ke baya ko gefe, domin ita mai gyara ke dubawa ya san irin gas ɗin da ke ciki.

Wuri mai inuwa da iska ke shiga, amma ba mai kaɗawa ba. Rumfa ko gareji da ƙofa a buɗe. A bazara da sassafe, kafin rana ta ɗaga. Da damina ki nemi ranar da gari ya washe, ki bari hantsi ya yi. Da hunturu ki zaɓi ranar da hazo ya yi sauƙi, ki yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, kuma a hana shara a tsakar gida sai an gama. Idan gwangwanin ya kwana cikin sanyi, ki tsoma gindinsa a ruwa mai ɗumin wankan jariri na 'yan mintuna, feshin zai fi laushi. Ruwan zafi ko kusa da wuta, a'a, gwangwanin na iya fashewa idan zafi ya wuce digiri 50.

Ki girgiza minti biyu cur bayan kin fara jin ƙarar ƙwallon da ke ciki, ki duba agogo, domin minti biyu ya fi yadda ake zato tsawo. Ki gwada a jikin kwali. Tsakaninki da ƙarfen santimita 20 zuwa 30, wato taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Ki danna tun kafin ki iso bakin ƙofar, ki wuce ɗaya bakin kafin ki saki. Hannu duka ke tafiya daga kafaɗa. Idan wuyan hannu kike karkatawa kamar mai fifita, tsakiya zai sha fenti gefe ya samu ƙura, kuma wannan shi ne asalin ƙofar da tsakiyarta ke ƙyalli gefenta ya dushe. Kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi.

Shafi na farko siriri, ko ana hango ƙasa ba komai. Bayan 'yan mintunan da aka rubuta ki ƙara na biyu. Na ƙarshe shi ne mai kawo sheƙi, don haka ki ɗan rage saurin hannu har ki ga wurin ya jiƙe yana ƙyalli a bayan feshin, amma bai kai ga gangarowa ba. Ki tsaya inda haske ke nuna miki jiƙon. Kada ki shiga shafin ƙarshe da gwangwanin da ya kusa ƙarewa, ƙarfinsa ya ragu, tofi zai riƙa yi. Ki ajiye sabo don wannan. Idan ƙwaro ko gashi ya faɗa, ki ƙyale shi, bayan mako guda sanfefa 2000 za ta ɗauke shi.

Wasu za su ce ki bi da kiliya, wato fenti marar launi. Tana ƙara sheƙi, amma ba ta ɓoye kaushi ko hazo, rufe su take yi a ƙarƙashinta. In za ki sa, ta zama ta kamfani ɗaya da fentin, ki fara gwadawa a lungu. Banis ɗin katako kuwa kada ya kusanci farin firji, rawaya yake komawa.

Murhun gas da oben ba firji ba ne

Fentin firji ba ya jure wuta. Shi Appliance Epoxy ɗin da na ambata iyakarsa digiri 93. Gefen kuka da ƙafafunta za su iya ɗaukar fenti na yau da kullum, amma saman da ke kewaye da wuta da ƙofar oben sai wanda aka rubuta High Heat, wanda wasunsa ke jure har wajen digiri 650. Irin wannan yawanci dama ba mai sheƙi ba ne, kuma ba ya gama ƙwari sai ya sha zafi. Saboda haka in kin gan shi a dushe, haka yake, kada ki bi shi da kiliya ta gama-gari, za ta ƙone ta yi baƙi. Kan murhun da wuta ke fita, da ƙarfen da tukunya ke zama, da cikin oben, da duk inda abinci ke taɓawa, ba a yi musu fenti sam. Cikin makirowef ma kada ki fesa masa fentin gwangwani na kasuwa, in ya yi tsatsa har ya huje, ya gama aiki.

Yara da mai juna biyu

Abin da ke turo fenti daga gwangwani yawanci gas ne dangin wanda kike girki da shi. Fesawa a rufaffen kicin kusa da risho ko gawayi ko tukunyar gas ganganci ne. A kashe komai, a fitar da kayan waje, a nisanta da janareta. Takunkumin yadi yana tare ɗigon fenti amma ba ya tare warin, iska ce kariyarki. Mai ciki da mai shayarwa da mai asma su bar wa wani aikin, yara kuma a kai su maƙwabta har warin ya lafa.

Akwai dalilin da ya sa na nace a kan sanfefa da ruwa. Idan firjin na hannu ne kuma wani ya taɓa shafa masa fentin mai wanda ba ki san asalinsa ba, musamman ja ko rawaya ko kore, yana iya ƙunsar dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, a ƙwaƙwalwa. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara. Can daga dutsen zinare ta fito, ba fenti ba, amma hanyar shigarta ɗaya ce: ƙura a ƙasa, yaro na rarrafe, hannu zuwa baki. Ruwa na hana ƙurar tashi. Ki shimfiɗa leda a ƙasa, in an gama ki naɗe ta da tsummokaran ki zubar, ki wanke wurin, ki wanke hannu kafin ki ɗauki goyo.

Idan mai fenti za ki ba

Ba laifi ba ne ki ce wannan aiki ya fi ƙarfinki. Mai fentin mota da ke da injin feshi zai fitar da sheƙin da gwangwani ba zai iya ba. Sai dai ku yi magana tun farko: zai goge tsohon ne ko a kai zai fesa, zai sa firaima, shafi nawa. Ki gaya masa abin da aka fesa a baya da ranar da aka fesa, domin fentin mota mai tina na iya tayar da fentin mai da ke ƙasa. Ki ce, "Malam, don Allah a rufe min robar ƙofa da takardar baya, kuma kada a huda ko'ina." Firji da yawa yanzu gas ɗinsu R600a ne, mai kamawa da wuta. Idan kuma shi ne ya yi aikin da ya fito dabbare-dabbare, ki haska masa fitilar waya ya gani da idonsa kafin ki cika masa kuɗinsa. Wata mafitar ita ce ledar mannawa mai faɗi da ake rufe jikin firji da ita, amma ita ma sai ƙasa ya yi sumul, duk ƙurjin da ke ƙasa zai fito ta jikinta.

Bayan an gama, ki bar shi kwana ɗaya ko biyu a inuwa kafin a shigo da shi a kunna, kuma kada abinci ya koma ciki sai warin ya tafi. Makonni biyu zuwa uku na farko fentin na ci gaba da ƙwari. Kada a manna maganaɗisun ado ko jadawalin makarantar yara, kada a shimfiɗa ledar ado ko kyalle a samansa, za su bar shaidarsu. Sitabilaiza da kwandon burodi su nemi wani wurin zama tukuna. In ya yi datti, ruwa da tsumma mai laushi kawai, sabulu sai bayan wata guda, sosan ƙarfe da hodar gurza tukunya kuwa ko bayan shekara kada su hau kansa.